Kada A Sallami Mai Gadi Don Ya Yi Tambaya

Cikin 'yan shekarun nan an samu matasa a garuruwanmu da ke haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da na'urar sola ta gida, domin ta kunna famfon burtsatse idan batir ya cika, ta kashe shi idan ya yi ƙasa. Wasunsu manhajar Home Assistant suke ɗora wa aikin, ita kuma ta aika umarni zuwa wata na'ura ta hanyar SSH. A nan ake yawan cin tuntuɓe. Umarnin da ya tafi lafiya lau lokacin da mutum ya buga shi da hannunsa, sai ya cije idan aka bar shirin ya gudana shi kaɗai, ya dawo da saƙo guda: "Host key verification failed."

Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro SSH a Finland a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a layin sadarwar jami'arsa. Tsarin nasa ya ba kowace na'ura makullin shaida nata. Ran da ka fara ƙwanƙwasa ƙofarta, za a nuna maka tambarin makullin, a tambaye ka ko ka amince. In ka ce eh, a rubuta shi cikin fayil mai suna known_hosts, gobe a gwada. To, shirin da ke aiki da tsakar dare ba shi da bakin cewa eh. Ƙari a kan haka, Home Assistant yana zaune ne cikin keɓaɓɓen akwati. Amincewar da ka bayar daga wata taga ba lallai ta kai gare shi ba, wadda aka ajiye a cikin akwatin kuwa takan tafi da sabunta manhaja.

Maganin da ake ta kwafa shi ne StrictHostKeyChecking=no, sau da yawa tare da tura known_hosts zuwa /dev/null, wato kwandon da ba ya riƙe komai. Famfo zai tashi, babu musu. Amma an sallami mai gadi ne don ya tambayi baƙo sunansa. Daga ranar, duk na'urar da ta amsa a wannan adireshi za a ɗauke ta a matsayin ta gida, kuma idan shirin kalmar sirri yake aikawa, to ita zai miƙa wa.

Za a ce ai cikin gida ne. Gidan da kalmar sirrin wayfai ɗinsa ke hannun 'yan haya, maƙwabta da abokan yara, ban san iyakar katangarsa ba.

Gyaran na gaskiya bai fi minti goma ba. A ajiye known_hosts cikin jakar /config wadda sabuntawa ba ta gogewa, a nuna wa umarnin wurin da UserKnownHostsFile. Tun fitowar OpenSSH 7.6 a 2017 akwai zaɓin accept-new, mai karɓar makullin da bai taɓa gani ba amma ya ƙi wanda ya sauya. Wanda ya fi son natsuwa ya je gaban na'urar, ya duba tambarinta da ssh-keygen -lf, ya gwada. Shi ssh-keyscan ɗauko makulli kawai yake yi, ba ya tantance mai shi.

Gargaɗin sauyin makulli kuwa wani lamari ne dabam, kuma a ƙasarmu yana da dalilai na kusa. An ɗauke wuta, na'urar raba intanet ta farka ta ba wata na'ura adireshin wata. Ko katin ajiyar Raspberry Pi ya lalace saboda yankewar wuta, aka sake ɗora tsari, ya ƙera sabon makulli. A gano wanne ne tukuna, sannan a goge tsohon layin kaɗai da ssh-keygen -R, a kuma kafa wa kowace na'ura adireshi na dindindin.

A watan Maris na 2023 kamfanin GitHub ya sauya makullinsa na RSA, bayan ɓangarensa na sirri ya fita fili na ɗan lokaci. Masu mai gadi sun ga gargaɗi, suka nemi bayani, suka gwada sabon tambarin da kamfanin ya wallafa. Masu /dev/null ba abin da ya tsayar da su ran nan.