Sanarwar Bayan Taro Kan Kare Lafiyar Masu Gyaran Tifa, Tarakta da A-kori-kura

Shugabannin garejojin da ke ƙarƙashin ƙungiyarmu, tare da wakilan masu walda da masu faci, sun zauna a Kano domin duba yadda ake gyaran motocin aiki. Bayan doguwar muhawara, ga abin da aka tsayar.

Batun da ya fi cin lokaci shi ne shiga ƙarƙashin mota. Mahalarta sun nuna takaici matuƙa kan yadda har yanzu ake tura yaro ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga, alhali ba abin da ke riƙe da shi sai man haidurolik. Da tiyo ya fashe, ko wani ya taɓa liba bisa kuskure, bodin zai sauko kafin yaron ya motsa. Daga yau babu mai sa kansa a wurin sai an juye yashin da ke ciki, an kafa ƙarfen tokare. Haka ma jak: ɗagawa ce aikinsa, riƙewa kuwa sai ƙafar ƙarfe ko katako mai ƙwari. An hana tokare mota da bulon siminti, domin farat ɗaya yake rugujewa. A ja birkin hannu, a sa weji a taya, a shimfiɗa falanki in ƙasa ta jiƙe da damina. Makullin motar kuma ya zauna a aljihun wanda ke ƙarƙashi, kada direba mai gaggawa ya tayar.

Taron ya jaddada cewa yaran nan amana ce iyayensu suka kawo mana. Don haka alhakin kowane sakaci yana wuyan maigidan gareji, ko yana nan ko ba ya nan.

An kuma ja kunnen masu laluben yoyon haidurolik da hannu. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shige nama, ramin ɗan mitsitsi, amma yana iya jawo yanke yatsa. A gwada da kwali. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, ko da bai ji zafi sosai ba.

Wajen batir, a fara cire wayar nagatif, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Manyan motoci masu bolt 24 ba sa yafe wa sifanar da ta haɗa kawuna biyu. Kada a kunna ashana kusa da batirin da ke caji, kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Mai aikin tarakta ya kashe inji kafin ya kusanci sandar baya, wadda ke juyi 540 a minti, kuma ya tuɓe babbar riga da rawani.

Masu walda sun amince ba za su sa wuta a tankin mai ba don kawai an ce babu komai a ciki, tunda tururin da ya saura shi ke fashewa. An hana zuƙo fetur da baki da kuma wanke hannu da shi.

Taron ya roƙi masu motoci su daina matsa wa makaniki lamba da cewa lodi na jira. An kafa kwamitin dattawa da zai zagaya garejoji. Wanda aka samu babu ƙarfen tokare za a gargaɗe shi, in ya maimaita a dakatar da shi.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin mahalarta taro