Uwargida, Kafin Ki Fara Tallar Hajarki Ta Imel



Ana saura kwana goma Sallah ƙanwata ta shigo gidana idanunta jawur. An zare mata waya a kasuwa. Dambun nama da cincin take yi a gida, kuma duk lambobin masu sayenta a kan wayar nan kaɗai suke. Kafin ta dawo da layinta, cinikin Sallah ya wuce ta, alhali da ribarsa take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta biyu. Tun ranar muka zauna muka buɗe mata wata ƙofar: imel.

Ban ce ki bar WhatsApp ba, domin ba kowa ke duba imel ba. Amma ma'aikatan ofis, da masu shirya taro, da 'yan uwa mazauna ƙasashen waje suna dubawa, kuma su ne masu saye da yawa. Ko waya ta ɓata, adireshinsu na nan, kina shiga daga wata wayar za ki same su.

Ki fara da buɗe imel na sana'a zalla, mai ɗauke da sunan hajarki. Gmail kyauta ne. Ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki adana inda kike ajiye takardun haihuwar yara.

Sai babban batun, wato izini. Kada ki kwashi adireshin mutane daga zauren iyayen yara na makaranta, kada kuma ki saya a hannun wani. Duk wadda ta yi ciniki da ke, ki tambaye ta: "Hajiya, in riƙa turo miki sababbin kaya ta imel?" Sai ta amince za ki rubuta. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, ai ba a shiga gidan mutane babu sallama. Mutum 30 da suka ce ki turo sun fi 1,000 da ba su san ki ba.

A asibiti ba ma buɗe fayil ɗin majinyaci a gaban wani, ko da ɗan uwansa ne. Adireshin mai saye ma amana ne. Idan za ki tura wa mutane da yawa lokaci guda, ki zuba adireshinsu a gurbin da aka rubuta Bcc, ta yadda babu mai ganin na wani. Ki sani Gmail na kyauta ba ya bari a wuce mutum 500 a rana. In Allah ya buɗa suka yi yawa, akwai manhajoji irin su Mailchimp da aka yi don wannan aikin.

Saƙon kansa ya zama gajere, don a waya za a karanta shi, wataƙila da goyo a baya. Kanun ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki: "Dambun Sallah ya samu, a yi oda kafin Alhamis." Hoto ɗaya mai haske, farashi, da yadda za a same ki. Hotuna goma cinye wa mutane data kawai suke yi. Kafin ki tura, ki fara aika wa kanki ki karanta, musamman lambar asusun banki.

Talla kamar magani ce, tana da ƙa'ida. Sau biyu a wata ya wadatar. Ko zuma ce, in ta yi yawa takan gundura. A ƙarshen kowane saƙo ki rubuta cewa mai son a daina turo mata ta sanar da ke, kuma da ta yi magana ki cire ta, ba fushi ba gaba.

Yanzu ƙanwata na da mutum 41, kowacce da bakinta ta ce a turo. Ke ma gobe in mai saye ta zo, ki tambaye ta. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa wa sana'armu albarka. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.