Ƴan ruwa-ruwa, a je a auna jini

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar gada ko ta Kamba a nan Gaya ya san teburan kwalaben isansi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 cinikin ya dagule, amma kwalaben ba su ɓace ba. Ni ba na cikin masu cewa a kore su, da kuɗin ake cefane. Abin da ke damuna shi ne tiyon da yaro ke sa wa baki ya zuƙo mai daga bido, da hannun da bakanike ke wankewa da isansi kafin ya ci tuwo.

Cikin isansi akwai wani sinadari mai suna benzen. Ba sai an haɗiye shi ba, shaƙa ma ta isa, kuma yana ratsa fata. Inda yake ɓarna shi ne ɓargo, wurin da jiki ke yin jini. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta daɗe da sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar jini. Turawa tun shekarar 2000 suka hana ya wuce kashi 1 cikin 100 a mansu. Mu wa ke auna na kwalba?

Sai dai jiki yakan ba da alama tun mutum yana kan ƙafarsa. A Kwatano, masu bincike sun auna ƴan kabu-kabu, sakamakon ya fito a 2005 da 2006: an sami sawun benzen cikin fitsarinsu fiye da na mutanen ƙauye, an kuma ga lahani a ƙwayoyin halittarsu. Wannan awo na manyan ɗakunan bincike ne. Amma akwai na talaka, wanda malaman asibiti ke kira NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini. In fararen ƙwayoyi da masu tsayar da jini suka riƙa raguwa awo bayan awo, ɓargo ne ke kuka.

Kada wani ya ce na ce awon yana nuna sankara. A'a. Zazzaɓin cizon sauro ma yana rage su. Shi ya sa awo ɗaya ba ya wadatarwa, sai an adana takardar an gwada ta da ta baɗi, kuma a faɗa wa likita sana'ar da ake yi, don da yawa ba sa tambaya.

Iyayena mata, ku ma da ku nake. Mai tuyar ƙosai da ke wuni kusa da teburin mai, da goyo a baya, iska ɗaya suke shaƙa da mai teburin. Ku ja da baya, kuma kada a kwana ɗaki ɗaya da bido.

Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, wajen kilomita 300 daga nan, kuma kowa ya san abin da jinya can ke ci. Shugabannin ƴan mai da na ƴan kabu-kabu suna tara kuɗin biki da na suna ba fashi. Su ware zubi ɗaya a shekara don awon jinin yaransu, su kuma sayi ɗan famfon hannu a jefar da tiyon baki.