Rana kyauta ce, amma ba ta da mudu

Gwaggona tana da rumfar atamfa a kasuwar Elig-Edzoa da ke Yawunde, kuma ta shekara uku tana fama da ƙaiƙayi. Goshi, bayan kunne, ƙeya da bayan hannu duk sun yi baƙi, sun yi kauri kamar fatar ganga. Babu man da ba ta shafa ba. Bayan ƙaramar salla na biya gidanta a Briqueterie in gaishe ta, na tarar ɗanta da ke karatu a Beljiyam yana gaya mata a waya wai can akan sa mai irin wannan ciwo cikin wani akwati mai fitilu, a haska shi, ya samu sauƙi. Da ta ajiye wayar sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka ji wata sabuwa. Mu da rana ke gasa mu tun hantsi har la'asar, wane haske kuma za a sayar mana?"

Na yi dariya, amma tambayar ta bi ni har gida. Ɗan nata bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi wauta ba.

Magani da haske tsohon abu ne. A 1903 aka bai wa wani likitan Denmak, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda ya yi ta warkar da tarin fuka na fata da hasken fitila. Kafin shi da ɗaruruwan shekaru, Ibn al-Baitar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya rubuta yadda ake bai wa mai albaras 'ya'yan wani tsiro sannan a zaunar da shi a rana. Tsiron yana nan birjik a bakin kogin Nilu. A ƙarshen shekarun 1940 masana a Alƙahira suka tace sinadarin da ke cikinsa, likita Abdel Monem El-Mofty ya gwada shi a kan masu albaras, launi ya fara dawowa. Daga wannan aikin na Misra ne likitoci a Boston ta Amurka suka fitar da hanyar da ake kira PUVA a 1974: a sha ƙwaya, a shiga haske. Ke nan abin da ake ganin na Turawa ne, a wannan nahiyar tamu ya yi rarrafe.

To me ya raba fitilar asibiti da ranar Yawunde? Awo. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, shi ake kira ultirabayolet, kuma shi ma kala-kala ne, wani yana magani, wani ƙuna kawai yake yi. A 1981 masu bincike suka gano cewa ɗan siririn yankin da ke kusa da nanomita 311 shi ya fi amfani ga fata mai ciwo, wanda ke ƙasa da 300 kuwa yana ƙona fata ba tare da wani alheri ba. Kamfanin Philips ya ƙera fitilar da ke fitar da wannan siririn yanki shi kaɗai, ita ce yau aka fi amfani da ita a duniya. Mara lafiya yakan shiga sau biyu ko uku a mako, a rufe masa ido da tabarau na musamman, a fara da 'yan daƙiƙoƙi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duba yadda fatar ta karɓa. Rana kuwa takan zuba maka duka a haɗe, mai kyau da mara kyau. Garinmu bai kai digiri 4 arewa da tsakiyar duniya ba, yau hadari ya rufe, gobe rana ta take, babu mai iya ce maka ga abin da fatarka ta sha. Mai sayar da gero ba ya auna wa mutum da tafin hannu, balle likita.

Aikin hasken shi ne kwantar da sojojin jiki da suka tayar da tarzoma a cikin fata. Ga mai soriyasis, ciwon nan da ke sa farin ɓawo a gwiwa da gwiwar hannu da tsakiyar kai, hasken yana rage gudun da fata ke yi wajen sabunta kanta, domin abin da ya kamata ta yi a wata guda sai ta yi shi a cikin 'yan kwanaki. Yawanci sai an je sau 20 zuwa 30. Ga mai albaras tafiyar ta fi nisa, watanni ne, wani lokaci fiye da shekara, launin yakan fara dawowa ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, fuska ta fi saurin amsawa, yatsu da ƙafa sun fi taurin kai. Yana kuma taimakon mai busasshiyar fata mai ƙaiƙayi irin wadda ake gado, wadda sau da yawa take tafiya tare da asma da yawan atishawa. Ba ya tumɓuke ciwon har abada, sauƙi yake kawowa, ciwon kan iya dawowa. Kuma yana ƙara wa fata duhu na ɗan lokaci, abin da na san zai kori rabin matan unguwarmu tun daga bakin ƙofa.

Akwai waɗanda ba nasu ba ne sam. Mai makero, mai ƙazwa da mai ƙyasbi kowa da maganinsa, mai araha ma, fitila ba ruwanta da su. Zabiya kuwa, kada wani ya kuskura ya haɗa shi da mai albaras ya ce ya je ya sha rana: rana ce babbar abokiyar gabarsa, ita ke jawo masa kansar fata. PUVA ita ma an tabbatar tana ƙara haɗarin kansar fata idan aka daɗe a kanta, shi ya sa likitoci ke ƙirga kowane zuwa a takarda.

A nan zan ɗan ratse. Sinadarin nan da Misrawa suka tace, danginsa suna cikin lemun tsami. Yarinyar da ta goga lemun tsami a fuska don ta yi haske, sannan ta hau bensikin, wato babur ɗin haya, cikin rana zuwa kasuwar Mokolo, ta yi wa kanta PUVA ba likita ba awo. Sakamakon shi ne ƙuna, wani lokaci har da bororo, da baƙin tabo da kan yi watanni bai tafi ba.

Amma duk wannan ba shi ne ciwon Gwaggo ba, kuma a nan ra'ayina yake. Kafin mu yi kukan rashin injin, mu fara tambayar me fatar take ƙi. Mu Hausawa mun san borin jini, wanda kan taso lokaci guda bayan an ci wani abu ko an sha wani magani, ya kwanta cikin sa'o'i. Wanda ba mu cika ganewa ba shi ne ɗan'uwansa mai jinkiri: fata ta taɓa abu yau, ƙaiƙayin ya fito jibi ko gata. Saboda wannan tazarar, ba wanda ke zargin abin. Sai a ce sanyi ne, ko jini ne ya ɓaci, ko sammu. Wani abin ma mutum ya shekara goma yana amfani da shi lafiya lau kafin jiki ya juya masa baya, kuma in ya juya, ya juya ke nan.

Dubi sana'o'in Briqueterie ka ga inda masu laifin ke ɓuya. Baƙin lalle da ake zana wa amare da rinin gashi, akasarinsu suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda yana cikin manyan masu jawo wannan ciwo. Lallen gargajiya ja ba kasafai yake cutarwa ba, dayis ɗin da ake haɗa shi da shi ne matsalar. Ɗan kunne da sarƙa da agogo masu araha da maɓallin wando suna da ƙarfen nikel. Siminti yana da kuromiyam, haka ma fatar da aka jeme da shi, shi ya sa hannun magini ke tsattsagewa, ƙafar mai takalmin fata ke yin ƙuraje daidai inda igiyar ta kwanta. Sai turare, wanda mu ba ma wasa da shi, daga na jiki har humra. Likitan fata yana da hanyar gwaji: a manna ƙananan faifai masu ɗauke da waɗannan sinadarai a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, a ga wanne ya tayar da fata. Ko ba gwajin, likitan da ya zauna ya yi tambaya yakan kama ɓarawon.

Mu kuwa sai mu tsallake duk wannan mu nufi tebur a bakin titi, a ba mu tib. Yawancin man tib ɗin nan suna da sinadari mai ƙarfi irin kilobetasol, wanda likita kan bayar na ɗan gajeren lokaci. Yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake yaba shi. A ci gaba da shafawa wata da watanni, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, makero ya samu gona, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo da fushi. Shi ne dai man da masu njansan ke shafawa don su yi fari. A watan Agustan 2022 ma'aikatar lafiyar Kamaru ƙarƙashin minista Manaouda Malachie ta haramta kayan shafe-shafen bilicin masu haɗari, amma wanda ya zaga kasuwa ya san takarda daban, tebur daban.

Da ƙyar na shawo kan Gwaggo muka je wurin likitar fata. Ba ta ko ambaci fitila ba. Ta dubi inda ciwon ya bi, layin gashi da bayan kunne da hannu, ta tambaye ta me take sa wa furfurarta. Gwaggo ta harare ni kamar ni na kai tsegumi. Aka ce ta bar rini da baƙin lalle kwata-kwata, ta janye daga tib a hankali bisa tsarin da aka rubuta mata, ta riƙa shafa man kaɗanya bayan wanka. Mako shida ke nan tana barci ba susa. Baƙin tabon yana nan tukuna, an ce zai ɗauki watanni. Furfurar kuma ta fito fili, ta ce kallabi ya rufa asiri.

Ba na cewa kowa haka nasa zai zo da sauƙi. Mai albaras da mai soriyasis babu abin da za su daina shafawa su warke, su ne ke da haƙƙin fitilar nan, kuma injinan sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashenmu. Attajiranmu da ke gasar gina masallatai a kowane lungu, na'ura guda a sashen fata na asibitin gwamnati, tare da janareto saboda ɗauke wuta, ita ma sadaka ce mai gudana. Kai kuma mai susa, likitocin fata suna nan a asibitocin Hôpital Central da CHU. In za ka je, ka tattara duk abin da kake shafawa, sabulu da mai da turare da rini, ka zuba a leda ka tafi da su.