Yaɓe Kafin Damina

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya tashi a gidan ƙasa cikin birnin Katsina ya san ba a jiran hadari ya haɗu sannan a nemi magini. Tun da rani ake duba bango da indararo, a yi yaɓe. Abin takaici, wannan hikima ta kakanninmu ba mu kai ta ga shafukanmu na intanet ba.

Shafuka da yawa na makarantu da ma'aikatu a kan manhajar WordPress aka gina su, wadda ta fito a 2003. Ita kuwa ana maƙala mata ƙananan manhajoji da ake kira filogin: wannan na karɓar fom, wancan na biyan kuɗi. Masu WordPress daban, masu filogin daban, don haka duk ranar da aka fitar da sabon samfuri, filogin da ba a gyara ba yana iya tsayawa cik. Haka aka yi a watan Agusta na 2020, sa'ad da WordPress 5.5 ta daina ɗora jQuery Migrate, wani gunki da tsofaffin filogin suka jingina da shi. Shafuka masu yawa a duniya suka wayi gari maɓallansu ba sa motsi.

To, mu yaya muke yi? Ɗan kwangila ya gina shafi, a biya shi, ya kama gabansa. Ma'aikacin da aka bar wa mabuɗi yana tsoron sabuntawa, kada abu ya lalace a hannunsa. In kuma ya bari, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɓarayi su kwashe sunaye da lambobin jama'a. Ko ta wace hanya, ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga Daura ko Funtuwa shi ke kwana ciki.

Alhali maganin ba boyayye ba ne. Masu WordPress suna sakin samfurin gwaji makonni kafin ranar fitowa. Sai a ajiye kwafin shafi gefe guda, a rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta ɗora samfurin a kansa, ta cike fom, ta gwada biyan kuɗi, ta aiko da saƙo in wani abu ya ƙi. Kayan aiki irin su GitHub Actions suna iya maimaita wannan kowane dare ba gajiya. Ba mu ce na'ura za ta gano kome ba. Ita mai gadi ce, gyara kuwa sai magini.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da kada su sa hannu a kwangilar shafi sai an rubuta wannan gwaji a ciki. Muna kuma roƙon malamanmu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman su riƙa ba ɗaliban kwamfuta irin wannan aiki a shekarar ƙarshe. Maginan suna nan cikinmu, a ba su ƙasa da ruwa kawai. Allah ya sa a ji.