Kafin Ka Miƙa Fatarka Ga Mai Allura

Yau za mu yi magana bisa wani abu da ya fara bayyana a jikin samarinmu da ƴammatanmu, musamman a manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da kuma wajen ƴan bida da suka komo daga bakin teku. Abin nan shi ne zanen allura da tawada, wanda Faransawa ke kira tatuwaj. Yaro ya gan shi a dantsen ɗan ƙwallo cikin tele, yarinya ta gan shi a wuyan mawaƙiya cikin salula, sai sha'awa ta kama su. Yin shiru ba ya hana wanda ya yi niyya, sai dai ya tura shi yin abin a ɓoye wajen wanda bai iya ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu faɗi abin da ke ciki, domin kowa ya san inda zai sa ƙafarsa.

Zane a jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da tsagar gado ake gane Bagobiri, da Ba'are, da Babarbare tun kafin su buɗe baki. Akwai kuma na ado, irin su kalangu da ƴar baka, akwai jarfa wadda wanzami ke tsattsaga fata da aska ya shafa baƙi ya zauna, kuma har yanzu muna ganin zanen fuska wajen Fulanin Bororo. Amma a lura da yadda aka yi ta yin waɗannan. Wanzamin sananne ne, ya gaji sana'ar wajen ubansa, akwai sarkin aska a kansa, iyaye ne ke kiransa, kuma duk gari an san ma'anar abin da ya zana. Duk da haka gidaje da yawa sun bar tsaga, saboda wa'azin malamai da gargaɗin likitoci. Yaron yau kuwa shi kaɗai yake tafiya, wajen mutumin da bai san asalinsa ba, ya zaɓi hoton da bai san mafarinsa ba.

Sai mu fara da sanin yadda abin yake aiki. Mashin ɗin zanen nan mai aiki da lantarki, wani mai suna Samuel O'Reilly ne ya yi rajistarsa a birnin New York na Amurka a shekarar 1891. Allurarsa tana huda fata sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, tana shiga zurfin milimita 1 zuwa 2, tana ajiye tawada a can ƙasa. Fatar sama tana saɓulewa tana sabuntawa kusan kowane wata, shi ya sa lalle ke gogewa da kansa. Ta ƙasa kuwa tana riƙe abin da aka sa mata har mutuwa, har ma bayan mutuwa. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, ya fi shekara 5,000 da mutuwa, amma masana sun ƙidaya zane 61 a jikinsa. Wanda zai zauna gaban mai allura ya tuna da wannan.

Don haka tambaya ta farko ita ce: shin ya kamata in yi? Galibin jama'ar ƙasarmu Musulmi ne, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa zane mai dawwama haramun ne, bisa hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, alhali lalle ya halatta ga mata. Wanda ya damu da addininsa ya tambayi malaminsa tun kafin aiki, kada ya bari sai bayan an gama. Ya kuma tuna da ranar da zai je neman aure, da ranar da zai tsaya gaban mai ɗaukar ma'aikata, da ranar da ɗansa zai tambaye shi ma'anar abin da ke dantsensa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, babu mai hankalin da zai sa masa allura. Shawararmu ga mai shakka ita ce ya bari. Sauran maganarmu ta wanda ya balaga ce, ya kuma yanke shawararsa, domin ko shi ma lafiyarsa ta shafe mu duka.

Abu mafi girma shi ne zaɓen hannun da zai yi aikin. Duk abin da ya huda fata ya taɓa jini, kuma jini yana ɗauke da cuta: ciwon hanta iri B da iri C, da ƙwayar cutar sida. Ƙazamin ƙarfe kuma yana iya kawo sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta iri B, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Ƙwayar wannan ciwo tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jini a kan ƙarfe. Ke nan allurar da aka yi wa wani aiki da ita ran Juma'a tana iya cutar da kai ran Laraba, ko da idonka ya gan ta fes.

Saboda haka ka je ka ga wurin tukuna, ba tare da ka tuɓe riga ba. Ka duba ko akwai ruwa da sabulu, ko mai aikin yana wanke hannu ya sa sabuwar safar hannu ga kowane mutum. Allura ta zama sabuwa cikin takardarta, a buɗe ta a gabanka, a jefar da ita bayan an gama. Tawada a zuba ta cikin ɗan ƙaramin mazubi naka kai kaɗai, abin da ya rage a zubar. Ƙarafan da ake sake aiki da su sai an dafa su cikin tukunyar tururi irin ta asibiti, wadda zafinta ke kai digiri 121. Goga alkol ko gasa allura a kan ashana ba ya wadatarwa. Ka nemi ganin aikinsa a jikin mutanen da ya yi wa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, masu fata irin taka, domin hoton ranar farko kullum yana da kyau. In ka yi tambaya ya fusata, ka tashi. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ba zai yarda a huda shi da allurar da ke hannunsa ba, kai ma kada ka yarda. Kuma kada rangwamen jikka biyu ko uku ya ja ka, araha ba ta ado.

Ita ma tawadar abin bincike ce. Tun shekarar 2022 Tarayyar Turai ta hana ko ta taƙaita sinadarai fiye da 4,000 cikin tawadar zanen jiki, saboda wasu suna kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, wasu kuma ana zargin suna jawo sankara. Kwalbar da ba ta da suna, ba ta da ranar lalacewa, ba ta shiga jikin ɗan Adam. Balle tawadar alƙalami ko ƙonanniyar roba da wasu ke kwaɓawa a lungu.

Sai zaɓen zanen kansa. Tun ran gini, tun ran zane. Sunan budurwa ko na saurayi shi ne kan gaba wajen jawo da na sani, domin soyayya tana ƙarewa, tawada tana nan. Rubutu cikin harshen da ba ka karantawa, kada ka yarda da fassarar mai zane, ka kai wa wanda ya san harshen. Akwai kuma alamomin da yaro zai ɗauka ado ne alhali na ƴan daba ne ko na masu ƙin baƙar fata, kamar alamar jam'iyyar Hitila, wadda doka ta hana nuna ta a Jamus. Sabon shiga ya guji fuska da wuya da bayan hannu, inda tufa ba ta rufewa, ya kuma fara da ƙarami. Layuka sirara masu matsewa suna bajewa su cakuɗe da shekaru, launuka masu haske kuma ba sa fita sosai a baƙar fata. Wanda ƙaramin rauni ko hudar kunne ke bar masa tabo mai tudu yana ƙaruwa, ya haƙura baki ɗaya, domin irin wannan tabo ya fi yawa wajenmu baƙar fata, kuma maganinsa da wuya. Dabara mai sauƙi ita ce a zana abin da lalle, a zauna da shi wata uku ana sabuntawa. Da yawa za su ga sha'awar ta wuce kafin lallen ya goge.

Tun da mun ambaci lalle, muna jan hankalin iyaye mata. Lallen gargajiya ja ne, kuma ba ya cutar da yawancin mutane. Baƙin nan mai kamawa nan da nan, sau da yawa ana haɗa shi da wani sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ke iya sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuna bayan ƴan kwanaki, ta bar tabo daidai siffar zanen. Amarya ta tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba a ciki.

Wanda aka riga aka yi wa, ya sani rauni ne a jikinsa, kuma yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin fatar sama ta warke. Ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ya sosa, kada ya shiga tabki ko gulbi, ya kare shi daga rana. In ya ga ja yana yaɗuwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ya tafi likita ran nan. Wanda ya yi nadama kuma kada ya ƙona wurin da wuta ko ruwan batir, tabon zai fi zanen muni. Gogewa da hasken leza tana bukatar zuwa sau da yawa, da makonni a tsakani, da kuɗi fiye da na zanen nesa ba kusa ba, kuma tana iya barin fari a baƙar fata.

Daga ƙarshe muna kira ga ma'aikatan kiwon lafiya da hukumomin garuruwa. A Faransa, tun shekarar 2008 doka ta wajabta wa mai wannan sana'a ya yi horon tsabta, ya sanar da hukuma, kuma ba ya taɓa yaro sai da yardar iyaye a rubuce. Mu ma ya kamata a san masu yin aikin nan a kowace unguwa, a horar da su, a riƙa leƙa ɗakunansu. A gayyato sarakunan aska cikin shawarar, domin horon nan zai amfani wanzamai wajen aski da ƙaho da kaciya. Malaman lakwal da na yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu wannan bayani, iyaye kuma su zauna da ƴaƴansu cikin lalama. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.