Giwar Mole ta kowa ce, gonar da take ci ta mutum ɗaya ce

Jama'a, gandun dajin Mole da ke yankin Savannah abin alfahari ne ga Gana. Tun 1971 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, babu wanda ya kai shi girma a ƙasar nan. Da rani sai ka tsaya kan tudu ka hango giwaye suna wanka a tafki, ga ɓauna, ga gwanki, gadu kuwa har ƙofar ɗakin baƙi yake kiwo. Mu malamai mukan kai ɗalibai, su dawo suna ta labari har a yi hutu.

To amma wa ke biyan kuɗin wannan kallo? Ba kuɗin ƙofa nake nufi ba. Ƙauyuka kusan 30 ne ke kewaye da dajin, mutanensu manoma ne, wasu ma daga cikin dajin aka tashi kakanninsu. An hana su farauta a ciki, an hana su sare itace. Na yarda da hanin, don in ba haka ba da yanzu sai a littafi yaranmu za su ga giwa. Sai dai ita giwa ba ta san iyaka ba. Masara ta nuna, doya ta yi ƙwari, garke ya shigo dare ɗaya, noman shekara ya tafi. Manomi ya kwana a gona yana hura wuta yana buga gwangwani. In ya harbe ta, sai kotu. In ta cinye gonar, sai jaje. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu, kana zaton zai tona asirin mafarauci in ya gan shi da bindiga?

Kada mu na Zango mu ce ba ruwanmu. Gawayin da ake lodi daga arewa, a Nima da Kumasi ake sauke shi, mu ne masu saye. Wanda giwa ta cinye wa gona, in bai sami mafita ba, itacen kaɗanya zai sare ya ƙona, wanda matarsa ke tsintar 'ya'yansa ta yi man kaɗe.

Akwai inda abin ya yi kyau. A Mognori mutanen gari ke ɗaukar baƙi a kwalekwale, su nuna musu yadda ake man kaɗe, su sami na cefane. Larabanga na samun baƙi albarkacin tsohon masallacinta da ke kan hanyar shiga dajin. Tsarin CREMA kuma ya ba wasu ƙauyuka ikon kula da dajin da ke gefensu. Amma ƙauyen da ke nesa da hanyar baƙi fa? Shi giwa kawai yake gani, ba ya ganin sidi.

Ni dai a ganina, Hukumar Gandun Daji ta ware wani kaso sananne daga kuɗin ƙofa, a rubuce, don biyan diyyar gonaki. Sarkin ƙauye da malamin gona su duba ɓarnar kafin sawun giwa ya bushe, a biya kafin damina ta gaba. 'Yan majalisarmu na Damongo da kewaye su kai maganar Accra, mu kuma mu tambaye su inda ta kwana in sun zo neman ƙuri'a.